An Riƙe Abenicio Lucero

Rito Hondo, New Mexico
17 ga Disamba

Zuwa ga Marcelina Archibeque, 'yar majalisar tarayya, Washington.

'Yata Marcelina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. In kin tambaye ni, da sauƙi, sai dai zuciyar nan da ke fizga kamar akuya a turke. Likita ya ce in kwanta a asibitin birni a yi mini aiki, na ce masa ya dakata tukuna.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki tuna ni. Ni ce Eduvigen Lucero. Kakana da kakan mahaifinki wa da ƙani ne. Ban taɓa roƙonki komai ba, ko a ranar da kika zo neman ƙuri'a kika shanye mini faten masararmu, posole, kwano biyu.

Maganar ƙanena Abenicio ce. A watan Oktoba wani mutumin gwamnati mai ladabi ya zo har gida ya ce sun gano shi, yana hannunsu, za su kawo mana shi ranar ashirin ga wannan wata. Na gyara masa wuri. Na gaya wa kowa. To jiya maƙwabcina Nicanor ya buga lambar da mutumin ya bari, tunda ni ba ni da waya, kunnuwan ma sun yi ritaya. Sai wata murya ta ce an rufe gwamnati. Ya sake bugawa, muryar ce dai, ba ta ko gajiya.

Yaya ake rufe gwamnati, Marcelina? Kanti ce? A hannun wa makullin yake? Nicanor ya ce ku ne kuka rufe. In ku ne, ki buɗe ta rabin yini a fito mini da ƙanena, sai ki mayar ki rufe abinki. Ya daɗe a hannunsu. Ba zan kwanta a gadon asibiti ba sai ya shigo garin nan.

Gwaggonki,
Eduvigen


Washington
21 ga Disamba

Gwaggo Eduvigen,

Na gaishe ki da girmamawa. Muna lafiya, sai mura da ta kama ƙaramin. Na tuna ki sarai, kuma kwano uku na sha, kin rufa mini asiri ne.

Babu makulli, Gwaggo. Mu da fadar shugaban ƙasa muka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, doka kuma ta ce in babu kasafi ma'aikata su zauna gida. Kada ki tambaye ni yaushe za a daidaita. Kullum da safe a ce yau, da yamma a ce gobe. Wasiƙun mutanenmu sun fi ƙarfin ma'aikatana, ni ma na tuɓe takalmi na zauna ƙasa ina buɗewa. Masu saran itace ba su da takardar shiga daji, ga sanyi. Wata mata tana neman fasfo ta je wurin 'yarta da ke kan gwiwa a ƙasar waje. Jiya na buga waya ofis goma sha ɗaya, mutum ɗaya ne ya ɗauka, shi ma mai gadi. Na ce masa yaushe za ku buɗe? Ya ce, "Ai ke za ki gaya mini, ranki ya daɗe."

Amma ke ina da albishir gare ki. Da kunya nake faɗa, ban san kina da ƙane ba, Baba kuma ba ya nan balle in tambaye shi. Sai na ce a raina, ina gwamnati ke riƙe mutum? Gidajen yari dai ba a rufe su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na same shi a Texas. Abenicio Lucero, dattijo mai furfura, an ɗaure shi kan tsallako da shanu ta kan iyaka ba takarda. A makon nan ya kamata a sake shi, amma wanda zai sa hannu yana gida.

Sun ba ni shi a waya minti uku. Na ce, "Malam Abenicio, kana da yaya a New Mexico?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, 'yan'uwana sun watsu a duniya, amma yau ne na fara jin wani ya neme ni." Yana da lafiya, Gwaggo, muryarsa garau. Na gane dalilin da ya sa ba ki faɗi inda yake ba, kuma babu wanda zai ji daga bakina.

Ki je wurin likita, don Allah.

'Yarki,
Marcelina


Rito Hondo
26 ga Disamba

Marcelina,

Ina gaisuwa, Allah ya ba yaron lafiya. Yau da safe wasiƙarki ta iso. Na karanta sau uku, na ba Nicanor ya karanta da ƙarfi ko idanuna ne ke yi mini ƙarya.

Kin yi magana da shi? Da bakinsa?

Marcelina, Abenicio yana da shekara goma sha tara ya sa kakin soja aka kai shi yaƙin Koriya. Wata biyar da tafiyarsa aka aiko wa Mama takarda cewa ya ɓace. Shekara arba'in da biyar ke nan. Na ɗauka babu wanda bai san wannan ba a danginmu. Mutumin da ya zo a Oktoba soja ne. Cewa ya yi ƙasusuwa suka gano, sun gwada haƙoransa, sun gwada da jinin da suka ɗiba a hannuna bara. Wurin da na ce na gyara masa kabari ne, kusa da na Mama. Nicanor ya haƙa rabi ƙasa ta daskare.

To yanzu kin ce yana da furfura, yana magana. Ƙasusuwan na wane ne? Ko dai ya gudu daga yaƙi ne kunya ta hana shi dawowa? Shanu kuwa ya san su, tun yana yaro ba ya rabuwa da su. Da kika ce shanu sai na ce a raina shi ne. Amma ya bar Mama ta mutu tana duban hanya? In na gan shi ban san ko rungume shi zan yi ko in kwaɗa masa muciya ba.

Nicanor ya ce in bi a hankali, suna kan zo ɗaya. Na ce masa Abenicio nawa ka sani a duniya? Kuma 'yar majalisa ce ta faɗa, ba mai sayar da ƙwai ba.

Na ce ya bar haƙan. Na fito da bargon Mama na shanya. In ba su sake shi ba zuwa Asabar, Nicanor zai kai ni Texas a motarsa, zuciya ta yi abin da ta ga dama.

Eduvigen


Washington
26 ga Disamba

Gwaggo,

Barka da Kirsimeti, da fatan jiki da sauƙi. Ban ji daga gare ki ba, na san gidan waya ya cika da katunan gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan, ana kiranmu zauren majalisa a sake kaɗa ƙuri'ar da kowa ya san ba za ta wuce ba.

An sa hannu! Na samo wani babba da doka ta bar shi bakin aiki, na dame shi har ya ce zai sa hannu don in bar shi ya ci abinci. Sharaɗi ɗaya ne, sai an rubuta gidan da zai zauna wata shida, na ba da naki. Ranar ashirin da tara za a sa shi a bas, zai sauka garin Española kusa da ku ranar Asabar talatin ga wata da ƙarfe biyu na rana.

A cikin kwana goma wannan ne abu na farko da na yi ya yiwu.

Marcelina


Washington
30 ga Disamba

Gwaggo Eduvigen,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Yau da hantsi aka miƙo mini wasiƙarki ta ranar ashirin da shida. Ina fata wannan ta same ki a raye da lafiya, shi ne kawai abin da nake roƙon Allah.

Ba shi ba ne, Gwaggo. Na sa an karanto mini takardunsa kaf, abin da ya kamata in yi tun farko. Mutumin garin Laredo ne, can Texas, sunan mahaifiyarsa Remedios, bai taɓa shiga soja ba. Suna ne ya zo ɗaya. Sojan da ya zo miki gaskiya ya faɗa. Ni ce na ga suna na yi tsalle, don na gaji da ƙofofin da ba sa buɗuwa, na ga ɗaya ta buɗe ban tsaya duba ta gidan wa ce ba.

Na buga gidan Nicanor sau shida ba a ɗauka ba. Na buga gidan Fada, limamin cocinku, mai dafa masa abinci ta ce ya tafi jana'iza wani ƙauye. Na ce ta aika a tsayar da ke, ta ce, "A tsayar da wa? Ai duk gari ya tafi taryen Abenicio." Na nemi kamfanin bas su sauke shi a hanya, suka ce ba a sauke fasinjan da bai yi laifi ba. Yanzu da nake rubutu ban san inda kike ba, ban san abin da ya same ki ba.

Na gano inda ƙanenki yake. Yana wani ofishin soja a Hawai. Sojojin suna bakin aiki, amma takardar fitar da shi wata farar hula ce ke sa mata hannu, Misis Kealoha, ita kuma an tura ta gida. Na samo lambar gidanta. Ta ce ta san akwatin, ita ta ɗaura masa lamba, amma in ta taka ofis ta taɓa biro ta karya doka. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ta ce ranar da aka buɗe, kafin ta cire jaka daga kafaɗa za ta sa hannu.

Ba na neman ki yafe mini yanzu. Ki dai sa Nicanor ya kira ni.

Marcelina


Rito Hondo
3 ga Janairu

Marcelina,

Na gaishe ki, barka da sabuwar shekara. Ban mutu ba. Na hana Nicanor kiranki, don bakinsa ba ya kawo labari yadda yake, gara ki ji daga gare ni.

Wasiƙarki mai cewa yana tafe ta iso ranar Juma'a, sai muka fasa Texas. Mota bakwai muka yi zuwa Española. Matan coci sun zo da tamale, alalar masararmu, tukunya guda, wani ma ya ɗauko tuta. Bas ta tsaya, mutane suka sauka, na ƙarshe wani dattijo ne gajere da jakar takarda a hannu. Ya ga taro ya juya baya yana duba wa ake jira.

Abenicio dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Mama. Amma na ce a raina tsufa na rage mutum. Na matsa na kama fuskarsa da hannu biyu. Na ce, "Wace ce ni?"

Ya ce, "Baiwar Allah, ban sani ba. An dai ce mini ina da yaya."

Na ce, "Yaya sunan uwarka?"

Ya ce, "Remedios."

Na ce, "Sake faɗa, ba na ji sosai." Na ji sarai. So nake ya canza.

Ya sake faɗa. Sai na tafi zan faɗi, shi ne ya tare ni kafin in kai ƙasa. Da aka zaunar da ni Nicanor ya ba shi labari, sai ya cire hula ya ce, "Wallahi na ɗauka wata 'yar babana ce da ban sani ba, don tsohon ya yi yawo. Da na san gawa kuke jira da ban hau motar nan ba."

Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, mai tuta ya naɗe abarsa. Shi kuwa yana tsaye da jakarsa, ba riga mai kauri, dusar ƙanƙara na sauka masa a ka. Na ce, "Ina za ka?" Ya nuna mini takarda, ga sunana ga gidana, in ya kwana wani wuri a mayar da shi kurkuku. Nicanor ya ce, "Eduvigen, ɓarawon shanu ne fa." Na ce, "To ni ina da shanu ne?"

Yana ɗakin baya. Ya ci tamale tara a zaune ɗaya. Ba na iya kiran sunansa, Bature nake ce masa don ya fi kowa baƙi a garin, yana amsawa. Shekaranjiya ba wanda ya sa shi, ya hura wuta a kan kabarin har ƙasa ta saki, ya ƙarasa haƙan.

Na karanta wasiƙarki ta ban haƙuri. Ban san ko ina fushi da ke ba. In na tashi yi sai in rasa ta inda zan fara. Wannan Misis ɗin, ki ce ina gaishe ta. Har yanzu ban gane ba: matar tana nan, biron yana nan, akwatin yana nan, kowa yana so, to wane ne ba ya so?

Gwaggonki,
Eduvigen


Washington
9 ga Janairu

Gwaggo,

Na gaishe ki, na gode Allah da na ga rubutunki. Na karanta a zaune a kan matakala.

Tambayarki ta ƙarshe, na yi ta a zauren majalisa kusan yadda kika rubuta, ban faɗi sunanki ba.

An buɗe gwamnati ranar Asabar. Kafin mu yi murna dusar ƙanƙara ta binne Washington, ofisoshin suka sake rufewa, yanzu kuma ba laifin kowa. Sai dai a Hawai rana ake yi. Misis Kealoha ta cika alkawari, jiya Litinin ta sa hannu. Ranar Alhamis jirgi zai sauke shi a Albuquerque, da soja ɗaya mai rakiya wanda ba zai rabu da shi ba sai an rufe ƙasa. Wannan karon na sa an karanto mini sunan mahaifiya da ranar haihuwa da sunan gari, sau biyu: Abenicio Lucero, ɗan Sinforosa, Rito Hondo.

Na so in zo in tsaya a bayanki, amma filin jirginmu a rufe yake, ga mutum ɗari huɗu da takardunsu suka yi mako uku a ƙasa ina bi musu. In hanya ta buɗe zan taho.

Game da baƙonki, na yi magana, za a iya mayar da shi wani gida a Laredo cikin mako guda. Ki ce e kawai. Kuma na kira likitanki, ya ce ba zai ƙara ɗaga miki ranar ba bayan sha takwas ga wata.

'Yarki,
Marcelina


Rito Hondo
15 ga Janairu

'Yata Marcelina,

Gaisuwa da fatan kun fita daga ƙanƙara lafiya. Ni dai ga ni, na haɗa jakar asibiti.

Ya iso. Ranar Juma'a muka binne shi. Na ɗauka ƙaramin akwati za su kawo, sai ga cikakken akwati da tuta a kai. Sojan rakiyar ya ce sun shimfiɗa sabon kaki a ciki, suka jera shi yadda ya kamata. Na ce a buɗe, ya ce, "Kaka, kin tabbata?" Na ce shekara arba'in da biyar nake tabbata. Ban ga komai ba sai kaki da maɓallai masu ƙyalli. Na sa hannu a kan hannun rigar, na ji abu siriri a ciki, na ce masa sannu da zuwa, ka yi latti.

Mutum shida ake so su ɗauka, mazan garin masu ƙarfin gwiwa biyar ne. Bature yana can baya ya riƙe hula. Na ce, "Kai, zo ka kama." Fada ya buɗe littafi ya ce, "Mun taru don mu miƙa bawan Allah Abenicio Lucero," sai na ga Bature yana share hawaye. Daga baya ya ce mini, "Yaya, ban taɓa zaton za a faɗi sunan nan a coci mutane su yi kuka ba."

Kada ki mayar da shi Laredo tukuna. Wa zai ba kaji abinci ina asibiti? Nicanor mantuwa gare shi. In na dawo ma sai mu gani, in ban dawo ba ya cika wata shidansa, gidan ba ya cin mutum.

Saura maganarmu ni da ke. Na yi ta juya ta, ga inda na tsaya. Daga ranar Talata da wasiƙarki ta zo zuwa Asabar ƙarfe biyu, ƙanena yana da rai. Kwana huɗu. Na yi masa faɗa a raina, na shirya abin da zan dafa masa, na yi tunanin ko yana da 'ya'ya, har na ga fuskarsa da furfura, abin da ban taɓa iya gani ba, don kullum yaro ne a idona. Ya yi kyau da tsufa, Marcelina. Ranar Asabar ɗin ya mutu mini, na yi kukan da ban samu yi ba tun ina budurwa, domin wanda aka ce ya ɓace ba a san ranar yi masa kuka ba. Da akwatin ya zo, na riga na gama. Na tsaya da ƙafafuna har aka rufe ƙasa.

Don haka ki daina ban haƙuri, kin ishe ni. Amma nan gaba in tsohuwa ta rubuto miki, ki tambaye ta mai rai take nema ko matacce.

Alhamis da safe za su shiga da ni ɗakin tiyata. In kin samu jirgi, ɗakina yana hawa na uku. In ba ki samu ba, ki zauna ki yi aikin mutane.

Gwaggonki,
Eduvigen Lucero